Wa Zai Saurari Wanda Ake Tuhuma? Tarihin Kare Kai a Kotunan Sakkwato

Ganuwar da Muhammadu Bello ya soma kewaye Sakkwato da ita a 1809 ta daɗe da zubewa, gidaje da kwalta sun cinye gurbinta. Sunayen ƙofofinta ne suka ƙi mutuwa. Har gobe ɗan kabu-kabu zai tambayi fasinja ko Ƙofar Rini za shi, ko Ƙofar Marke, ko Ƙofar Atiku, ko Ƙofar Taramniya, kuma kowa ya san unguwar da ake nufi. A zamanin da ƙofofin ke da ƙyaure da mai tsaro, ta nan fatake ke shigowa da jakunansu, almajirai da allunansu, manzannin sarakunan gabas da wasiƙu cikin gafaka. Ta nan kuma ake shigo da wani baƙo wanda bai zo don son ransa ba: mutumin ƙauye da igiya a ƙugu, dogari na riƙe da bakinta, mai ƙara na biye yana bitar abin da zai faɗa wa alƙali.

An saba ba da tarihin shari'a a Sakkwato ta wajen masu yanke hukunci, wato sarakuna da alƙalai da malaman da suka rubuta littattafai. In aka juya aka bi shi ta wajen mai igiya a ƙugu, sai a ga abu guda yana ta dawowa cikin shekara 200. A rubuce haƙƙinsa bai taɓa ɓacewa ba: littattafan Malikiyya sun tanadar masa, dokokin Turawa sun ƙara wasu, tsarin mulki ya jera su dalla-dalla. Abin da ke raba wanda ya kuɓuta da wanda ya halaka shi ne ko ya sami mai tsaya masa, da wata kotu a sama da zai kai kuka.

Zauren alƙali

Zaluncin kotu na cikin manyan abubuwan da suka tayar da jihadin 1804. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ɗabi'un sarakunan ƙasar Hausa da yake ganin sun saɓa wa Musulunci, ciki har da karɓar gaisuwa kafin a saurari talaka, da mayar da hukunci hanyar ƙwace dukiya, da alƙalan da ke cin hanci su ba mai hannu da shuni gaskiya. Ƙanensa Abdullahi, da ya sauka Kano wajen 1807, mutanen garin suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki da shari'a, ya rubuta Diya'ul Hukkami. Saboda haka alƙalin da ya zauna a Sakkwato bayan an kafa birnin ya san cewa masu gidansa sun hau mulki ne da alkawarin gyara kujerar da yake kai.

Kotun ba wani gini na musamman ba ce. Zaure ne, alƙali kan buzu, muhuti a gefe da tawada da alƙalamin kara, Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim a ajiye kusa. Dogari na bakin ƙofa. Mai ƙara da wanda ake ƙara su durƙusa wuri ɗaya, don ƙa'ida ta hana alƙali ya fifita ɗaya a wurin zama ko kallo ko sakin fuska, ta kuma hana shi yanke hukunci yana cikin fushi ko yunwa. Mai ƙara ne zai fara magana, kuma nauyin kawo shaidu a wuyansa yake. Wanda ya musa ba a cewa ya kawo hujjar cewa bai yi ba.

Shaidun ma ba a karɓarsu haka nan. Sai an binciki adalcinsu, an tambayi waɗanda suka san su a unguwa da masallaci. Daga nan a ba wanda ake tuhuma damar suka. Zai iya cewa wannan maƙiyina ne, mun yi rigimar gona bara. Wancan ɗan mai ƙara ne. Na uku yana da rabo a cikin abin da ake jayayya a kai. In sukar ta tabbata, shaidar ta faɗi. Bayan an gama duka, kafin alƙali ya buɗe baki da hukunci, akwai matakin da ake kira i'izari: a gaban shaidu biyu alƙali zai juya ga mutumin ya tambaye shi ko yana da sauran magana, ko wata hujjar da bai kawo ba. In ya ce yana da shaida a wani gari, a ba shi kwanaki ya nemo. Malaman Malikiyya sun ɗauki hukuncin da aka yanke ba tare da wannan tambaya ba a matsayin ɓatacce.

A laifuffukan haddi aka fi tsaurara sharuɗɗa. Ba a yanke hannu sai abin da aka sata ya kai darajar rubu'in dinari, kuma daga ma'ajinsa aka ɗauke shi. Wanda yunwa ta kora ga rumbun wani yana da uzuri. Zina sai da shaidu 4 da suka gani da idonsu, in suka kasa cika, masu zargin ne za su sha bulala 80. Wanda ya yi iƙirari da bakinsa yana da damar janyewa, ko da an fara zartar da hukunci. Kowane ɗalibin fiƙihu ya san labarin Ma'izu, wanda ya zo ya kai ƙarar kansa, Manzon Allah (SAW) ya yi ta kawar da kai yana buɗe masa hanyar komawa. A kan irin wannan aka gina ƙa'idar cewa shubuha tana tunkuɗe haddi.

Sai dai wannan kariya ba ta lulluɓe kowa daidai ba. Ba a karɓar shaidar bawa, kuma bayi na da yawa ƙwarai a daular. Ba a karɓar shaidar wanda ba Musulmi ba a kan Musulmi. Littattafai irin su Tabsira ta Ibn Farhun sun kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, ba a taɓa shi, wanda ba a san halinsa ba, a tsare shi a bincika, wanda ya yi ƙaurin suna, an yarda mai mulki ya matsa masa har da duka. Ta wannan ƙofa ta uku zalunci ke samun shiga, don mai iko ne ke faɗin wane ne ya yi ƙaurin suna. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya baƙunci Bello a 1824, ya rubuta labarin haunin Sakkwato da irin kisan da ake zartarwa, har da fille kai da tsirewa. Babu kuma sana'ar lauya. Mutum da bakinsa yake kare kansa, in ya iya magana ya iya, in tsoro ya ɗaure masa harshe shi ke nan.

Abin da ya rage masa shi ne kai kuka sama. Akwai Alƙalin Alƙalai a birni, akwai majalisar Sarkin Musulmi, akwai Waziri, wanda tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima shi ke kula da lamurran masarautun gabas, koke-kokensu na biyowa ta hannunsa. Amma daga Katagum ko Bauchi zuwa Sakkwato tafiyar makonni ce, sai mai guzuri da mai hanya.

Alkawarin Lugga da ranar Satiru

Sojojin Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Ranar 21 ga watan, Lugga, shugaban Turawan, ya tara manyan gari, aka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu, ya karanta musu sharuɗɗan sabon mulki. Ya ce alƙalai za su ci gaba da shari'a kamar da, amma an hana cin hanci, an hana yanke gaɓa, an hana tsare mutane a kurkukun da bai dace da ɗan Adam ba, kuma ba za a kashe kowa ba sai da yardar Razdan. Daga nan ɗauri ya maye gurbin yanke hannu, kotunan alƙalai suka shiga ƙarƙashin idon Joji da Razdan, waɗanda ke duba littafin shari'a su rage hukunci ko su soke shi.

Ba a cika shekara 3 ba aka ga iyakar alkawarin. Ranar 14 ga Fabrairu 1906, mutanen Satiru, wani ƙauye mai tazarar mil 14 kudu da birni, suka kashe muƙaddashin Razdan Hillary da mataimakinsa Scott da hafsan soja Blackwood da sojoji fiye da 20, da gatura da fartanya da kibau. Ranar 10 ga Maris rundunar Turawa da dawakin Sarkin Musulmi suka afka wa garin. An ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 2,000, aka rushe Satiru, aka hana sake zama a wurin. Jagoran tawayen, wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho wanda ya ƙetaro daga ƙasar da Faransa ke mulka, an kama shi, an gurfanar da shi a kotun Sarkin Musulmi, aka kashe shi da wasu mabiyansa a kasuwar Sakkwato cikin 'yan kwanaki. Su ne kaɗai suka ga alƙali. Sauran dubban, maza da mata da talakawan da suka gudo daga bauta, ba wanda ya tambaye su ko suna da sauran magana.

Tsarin En'e da ya kafu bayan haka ya tara iko wuri guda fiye da yadda aka sani a da. Sarki ke naɗa alƙali, 'yan doka nasa ne, gidan yari nasa ne, kuma shi da kansa ke zama a kotu mai daraja ta ɗaya, wadda ke da ikon yanke hukuncin kisa. Doka ta haramta wa lauya taka ƙafa a kotunan gargajiya. Gyaran da Gwamna Donald Cameron ya yi a 1933 ne ya buɗe wata 'yar hanya: daga wasu kotunan En'e ana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Turawa, daga can zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma.

Tattaɓa-kunnen Bello a gaban shari'a

Wanda ya fi kowa shahara cikin waɗanda suka bi wannan hanya ɗan gidan sarautar ne da kansa. Ahmadu Bello ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, aka ba Abubakar na Uku, shi kuma aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta saurari shaidu, ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara 1.

Da talaka ne, da maganar ta ƙare a nan. Sardauna ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya san akwai kotu a sama, yana da abokan da suka tsaya masa. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka ɗauko masa wani matashin lauya daga Ikko, Bode Thomas, wanda daga baya ya zama jigo a jam'iyyar Action Group. A can aka yi abin da ba a yi a Sakkwato ba: wani wanda ya san doka ya tsaya ya warware shaidun ɗaya bayan ɗaya. Aka soke hukuncin, aka wanke shi. Bayan shekara 11 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

A 1947 wata shari'ar daga maƙwabciya Gwandu ta girgiza fadoji. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum, Tsoho Gubba, hukuncin kisa saboda ya kashe kwarton matarsa. A fiƙihun Malikiyya kisan ganganci ne, in magada sun nemi ƙisasi. A dokar laifuka ta Turawa kuwa, wanda aka tunzura har hankalinsa ya gushe ba a kashe shi. Kotun Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan. Sarakuna da alƙalai suka ɗauki abin a matsayin katsalandan cikin addini, aka yi ta gyaran doka ana sakewa shekara da shekaru, ba a daidaita ba. A 1959 kuma Kotun Ƙoli ta Tarayya ta rushe hukuncin da kotun Sarkin Haɗeja ta yanke wa wani mai suna Guri a kan fashi da kisa, saboda an hana shi kare kansa.

Shekarun nan ne kuma na siyasa. Tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950, 'ya'yanta suka zama baƙin yau da kullum a kotunan alƙalai a faɗin Arewa. Tuhumar ba ta wuce zagin sarki, ko yin lacca ba izini, ko tayar da hankali. Ɗan doka ya kama, alƙalin En'e ya yanke, a yi bulala a bainar jama'a ko a wuce gidan yari, duk a yini guda, ba lauya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama ta wannan hanya. A bakin talakawan wancan zamani karin maganar nan ta shari'a saɓanin hankali ta sami sabon nauyi.

Sabuwar doka, tsohuwar ƙofa a rufe

Da 'yancin kai ya ƙarato, hukumar Willink da ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu ta ji koke mai yawa a kan kotunan Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana: Alƙalin Alƙalan Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat a matsayin shugaba, Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, Farfesa Anderson daga Landan, tare da Shettima Kashim, Peter Achimugu da Malam Musa, babban alƙalin Bida. Shawararsu ta haifi kundin Final Kod, wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, da kundin tsarin shari'ar laifuka. Suka fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin 'yanci. Daga ranar, laifi sai wanda aka rubuta, hukunci sai wanda kundi ya ƙayyade, kuma alƙali a Gwadabawa da majistare a Kaduna littafi ɗaya suke buɗewa.

Amma ƙofar da ta ceci Sardauna ba a buɗe wa kowa ita ba. Sabon kundin ya riƙe hanin shigar lauya kotunan gargajiya, tsarin mulkin 1960 ma ya bar wa hanin gurbi. Sai da sojoji suka zo, tsakanin 1967 da 1968, aka soke kotunan sarakuna, aka mayar da na alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin gwamnati, sannan aka karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka kafa hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Tsarin mulkin 1979 ya ba duk wanda ake tuhuma damar kare kansa da lauyan da ya zaɓa ba tare da togaciya ba, kotuna kuma suka yanke cewa tsohon hanin ya faɗi. Shekara 76 ke nan bayan jawabin Lugga.

Safiya ta Tungar Tudu

Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoba 1999, Sakkwato ta bi sahu a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, kundinta na laifuka ya fara aiki a Janairu 2001. Ba a rufa shekara ba aka sami shari'ar da ta kai sunan jihar kowane gidan rediyo na duniya.

Safiya Husaini bazawara ce daga ƙauyen Tungar Tudu, ba ta yi boko ba. An kai ta babbar kotun shari'a ta Gwadabawa saboda ta yi ciki ba aure. Namijin da ta ambata ya musa, babu shaidu 4, aka sallame shi. Ita kuwa cikin ya zama hujja a kanta, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada, ga kuma maganganun da ta yi da bakinta ba tare da kowa ya faɗa mata nauyinsu ba. Ba ta da lauya. Ranar 9 ga Oktoba 2001 alƙali ya yanke mata hukuncin jefewa, a zartar bayan ta yaye ɗiyarta.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata, BAOBAB da WRAPA, suka shiga maganar, aka haɗa ayarin lauyoyi ƙarƙashin Abdulƙadir Imam Ibrahim, ciki har da Hauwa Ibrahim da Aliyu Musa Yawuri. A ƙasashen waje ana ta zanga-zanga da rubuta takardun koke ana la'antar shari'ar baki ɗaya. Lauyoyin ba su bi wannan hanya ba. Sun shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato da littattafan da alƙalan suka karanta tun suna zaure. Suka ce takardar tuhuma ba ta faɗi rana ko wurin da aka yi laifin ba. Ba a bayyana wa Safiya ma'anar zina a shari'a da hukuncinta ba. Ba a yi mata i'izari yadda ya kamata ba. Ta janye iƙirarinta, kuma tana da wannan dama. Malikiyya ta yarda da kwantaccen ciki, wanda kan iya ɗaukar shekaru kafin a haife shi, don haka ana iya jingina ɗiyar ga tsohon mijinta, wannan kuwa shubuha ce. Sannan suka kawo hujjar tsarin mulki: an ɗauki cikin a shekarar 2000, kafin kundin ya fara aiki, kuma ba a hukunta mutum da dokar da ba ta wanzu ba ranar da ya aikata abin.

Ranar 25 ga Maris 2002 alƙalai 4 suka zauna, zauren cike da 'yan jarida na gida da waje, Safiya na zaune da goyonta. Kotun ta karɓi ɗaukaka ƙarar, ta rushe hukuncin Gwadabawa, ta sallame ta. A cikin wannan watan ne wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin hukuncin, ita ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta ranar 25 ga Satumba 2003 da hujjoji masu kama da waɗannan.

Duk abin da ya kuɓutar da Safiya yana nan a rubuce ranar da aka yanke mata hukunci a Gwadabawa, wani tun ƙarnoni, wani tun 1999. Wanda zai buɗe shafin ne babu. Waɗanda aka yanke wa hannu a Zamfara da Sakkwato a 2000 da 2001 kan sata talakawa ne da suka tsaya gaban alƙali su kaɗai, ba su kuma ɗaukaka ƙara ba.

Bayan kanta

Yau ɗan Ƙofar Taramniya da aka kama da zargin satar waya yana da haƙƙoƙin da kakansa bai taɓa jin labarinsu ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana 2. Sashe na 36 ya ce shi mara laifi ne har sai an tabbatar, yana da damar yi wa shaidu tambayoyi, a ba shi tafinta kyauta, kuma ba a yi masa shari'a sau biyu kan laifi ɗaya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Sakkwato ta yi irin tata a 2019, ta haramta kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta nemi a ɗauki jawabin wanda ake zargi gaban lauyansa ko a naɗe shi a bidiyo, ta kuma ɗora wa majistare zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya ga waɗanda ke tsare. Dokar 2017 ta mayar da azabtarwa laifi mai ɗauri.

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa caji ofis ya san tazarar da ke tsakanin wannan da abin da ke faruwa. An rubuta a bango cewa beli kyauta ne, amma uwa na tsaye da kwanon abinci tana lissafin abin da za ta sayar. Yaro ya cire riga da takalmi ya shiga bayan kanta, a rubuta jawabi da Turancin da bai iya karantawa ba, ya dangwala yatsa. In laifin babba ne, a kai shi kotun da ba ta da hurumin sauraronsa, ta tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, wasu har su zarce shekarun da za a ɗaure su da an same su da laifin.

Akwai kuma waɗanda ko bayan kantar ba su kai ba. A Mayu 2022 taron matasa ya kashe wata ɗaliba a wata kwaleji a birnin kan zargin ɓatanci, a Yuni 2023 aka kashe wani mahauci a mayanka kan irin wannan zargi. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan ɗalibar, ta nemi a hukunta masu hannu. Babu littafi ko ɗaya cikin waɗanda malaman jihadi suka karantar da ya ba taron jama'a ikon zama mai ƙara da shaida da alƙali da hauni a lokaci guda.

Gyaran da aka gwada ya kuma yi aiki bai buƙaci sabuwar doka ba. A tsakiyar shekarun 2000, Sakkwato na cikin jihohi 4, tare da Kaduna da Imo da Ondo, da aka fara tura matasan lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima ofisoshin 'yan sanda ƙarƙashin hukumar ba da lauya kyauta, su ga mutum tun a kwanakin farko na kamu, kafin ya dangwala yatsa, kafin fayil ya ɓace. Mutane da yawa sun koma gida ta wannan hanya ba tare da sun kwana gidan yari ba, har rundunar 'yan sanda ta shigar da tsarin cikin ƙa'idojin aikinta. Hukumar na da ofis a Sakkwato kamar sauran manyan biranen jihohi, amma lauyoyinta 'yan ƙalilan ne, jihar kuwa na da ƙananan hukumomi 23, kuma yawancin masu zuwa kotunan Gwadabawa da Isa da Tangaza har yanzu su kaɗai suke tsayawa gaban alƙali.